Ja da Turin Lantarki: Gwaje-gwajen da Za Ka Yi da Kayan Gida a Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, duk mazaunin Zariya ya san wannan: ka tuɓe rigar sanyi da dare ka ji tana ƙas-ƙas, in ɗakin da duhu har ka ga ɗan tartsatsi, ka sauko daga mota ka taɓa ƙofa, ta ɗan ja ka a yatsa. Lantarki ne na gaske, wanda ake koyarwa a darasin fiziks na babbar sakandare, kuma hunturu ne lokacin da ya fi sauƙin kamawa. Bushewar iska ce sila. Idan iska na da laima, wani siririn ruwa da ido ba ya gani yakan kwanta a jikin roba da gilashi, caji ya bi ta cikinsa ya zurare tun ba ka ga komai ba. A watan Agusta sai ka goga bututu har hannu ya gaji ba ka ga abin kirki ba, amma a Janairu goga biyar ta isa. Malamin da ke da ikon juya jadawalinsa, ya ajiye wannan darasi zuwa zango na biyu, zai gode wa kansa.

An jera gwaje-gwajen nan ne da gangan, kowanne na buɗe wa na gaba hanya. Kada ka tsallake na salatif don ganin ya yi sauƙi, a nan ne ainihin darasin yake.

Abin da za ka tanada

Zagaye ɗaya a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru ya ishe ka. Wurin masu kayan famfo ka sayi guntun bututun roba na PVC, tsawon kamu ɗaya, wato wajen rabin mita. Shi ne gwarzon aikin, ya fi mataji da biro nesa ba kusa ba. Sai salatif mai haske na naɗe littafi, balan-balan guda goma ko fiye, zaren ɗinki, foyil ɗin aluminiyam na girki, tsinken roba na shan lemo guda biyu, gwangwanin lemo ko na maltina wanda aka shanye, kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfin roba, da guntun wayar wuta mai kauri wadda za ka fere ka ciro jan ƙarfen ciki. Na ƙarshe, farantin aluminiyam mara nauyi, da farin kumfan nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin ko firji.

Abin gogawa shi ne inda mutane ke yin tuntuɓe. Littattafai sukan ce a goga a gashin kai. To, a hunturu kowa ya sha basilin da man gashi, kuma gashi mai maiƙo ba ya ba da caji, sai dai ya ɓata maka bututun. Nemi rigar sanyi ta ulu, ko bargo, ko kuma abin da ya fi su duka: guntun busasshiyar fatar rago da gashinta, wadda ba ta da wuyar samu wurin dukawa. Atamfa da shadda ba sa yin abin kirki, domin auduga tana riƙe laima kuma ba ta da kwaɗayin bayarwa ko karɓar caji. Kafin ka fara, wanke hannu da sabulu, ka shanya kayan a rana na minti goma, ka kashe fanka.

Gwaji na farko: takarda

Yayyaga takarda ƙanana-ƙanana, kada su wuce girman ƙwayar shinkafa, ka zuba a kan busasshen tebur. Kusantar da bututun ba tare da ka goga ba: babu abin da zai faru. Wannan matakin yana da muhimmanci, domin in yaro bai ga bututun ya kasa ba, zai ɗauka roba ce kawai ke da wannan hali. Yanzu riƙe bakin bututun, ka goga ɗaya ɓangaren da fatar sau goma da ɗan ƙarfi, ka sake kusantarwa. Takardun za su miƙe tsaye, su yi tsalle su manne.

Maimaita da gutsattsarin foyil ka lura da bambanci. Foyil yana tsalle ya taɓa bututun, sai kuma ya faɗo da sauri kamar an harbo shi, wani ma ya riƙa kai-komo tsakanin bututu da tebur. Ka riƙe wannan a ranka, bayaninsa na tafe.

Ga abin da ke faruwa a taƙaice. Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, kuma a cikin kowace zarra akwai furoton mai cajin ƙari (+) a tsakiya, da ilektron mai cajin ragi (−) a kewaye. A al'ada adadinsu daidai yake, shi ya sa tebur da hannunka ba sa jan juna. Idan abubuwa biyu mabambanta suka haɗu jiki da jiki sannan suka rabu, ɗaya yakan tafi da wasu ilektron na ɗaya. PVC mai karɓa ne, gashi mai bayarwa ne. Bututu ya zama mai ragi, fata ta zama mai ƙari, daidai gwargwado. Ba a ƙirƙiri caji ba, wuri kawai ya sauya.

Gwaji na biyu: salatif

Manna doguwar salatif ɗaya a kan tebur ta zama shimfiɗa, ba za ka cire ta ba. Yanko wata mai tsawon santimita 20, lanƙwasa bakinta kaɗan ya zama mariƙi, ka manna ta a kan shimfiɗar, ka rubuta Ƙ a jikin mariƙin, wato ƙasa. Yanko wata irinta ka manna a kanta, ka rubuta S, wato sama. Shafa su da yatsa su kwanta sosai.

Kama mariƙan biyu tare, ka ɗago su a hankali daga shimfiɗar, suna manne da juna. Bi bayansu mai santsi da yatsa daga sama zuwa ƙasa sau biyu ko uku, har sai ka ga sun daina karkatowa wajen hannunka. Sannan ka raba su da sauri, fit! Rataya kowace a gefen tebur, tazarar taku ɗaya, suna lilo. Sake yin haka da wasu biyu, ka riƙe su a hannu.

Yanzu kusantar da S ta hannunka ga S ta jikin tebur. Za ta kauce, ta lanƙwashe tana gudu tun ba a taɓa ta ba. Ƙ da Ƙ ma haka. Amma S da Ƙ suna neman juna, in ba ka yi hankali ba sai su manne su ɓata maka aiki. Kada ka faɗa wa ɗalibai ƙa'idar tukuna. Zana layuka a allo, su cike da kansu: S da S, Ƙ da Ƙ, S da Ƙ. Da bakinsu za su ce iri ɗaya na tura juna, iri biyu na jan juna. Wani Bafaranshe, Charles du Fay, shi ya fara bayyana a 1733 cewa caji iri biyu ne, bayan ya ga cajin gilashi da na ƙaro suna hali daban. Sunayen ƙari da ragi kuwa Benjamin Franklin na Amurka ne ya kawo su a shekarun 1740.

Ka lura ba mu goga komai ba a nan. Mannawa da rabawa kaɗai suka raba caji. Amfanin guga shi ne ƙara yawan wuraren da jikin abu biyu ke haɗuwa, ba zafin gugar ba ne ke haifar da caji kamar yadda ɗalibai da yawa ke rubutawa a jarrabawa.

Wacce ce mai ƙari, wacce ce mai ragi? Ya danganta da irin salatif ɗin da ka saya, don haka kada ka haddace, ka gwada. Goga bututun, wanda muka san mai ragi ne, ka kusantar. Wadda ta gudu ita ce mai ragi, wadda ta matso ita ce mai ƙari. Rubuta alamar a jikinsu. Ka samu ma'auni ke nan na gane cajin kowane abu: goga mataji, biro, leda, balan-balan, rula, ka kawo su ɗaya bayan ɗaya.

Sai babbar tambaya. Kusantar da tafin hannunka, wanda ba ka goga da komai ba, ga S. Za ta matso. Kai shi ga Ƙ. Ita ma za ta matso. Littafi, cokali, bango, duk haka. In hannunka mai ƙari ne, ya kamata ya ture ɗaya daga cikinsu. In mai ragi ne, ya ture ɗayar. Bai ture ko ɗaya ba. Ke nan hannun ba shi da caji, amma duk da haka ana jan sa. Daga nan ne za ka fitar da hukuncin da ya fi kowane muhimmanci a wannan babi: ja ba ya tabbatar da cewa abu na da caji, turi ne kaɗai ke tabbatarwa. Masu shirya tambayoyin WAEC da NECO suna son wannan gaɓa, kuma wanda ya gani da idonsa ba ya mantawa.

Me ya sa ake jan abin da ba shi da caji?

Koma ga takardar. Bututu mai ragi ya matso. Ilektron na cikin zarrar takardar ba sa iya barin wurinsu, amma suna ɗan gocewa zuwa ɓangaren da ke nesa da bututun. Gefen da ke kusa ya zama mai ɗan ƙari, na nesa mai ɗan ragi. Bututun na jan na kusa, yana tura na nesa. Da ƙarfin biyu daidai suke da takardar ba ta motsa ba, amma ƙarfin lantarki yana raguwa da nisa, don haka jan na kusa ya rinjayi turin na nesa. In ka kawo abu mai ƙari, komai ya juye, sakamakon kuma ɗaya ne: ja. Shi ya sa hannunka ke jan S da Ƙ duka.

A ƙarfe abin ya fi haka ƙarfi, domin wasu ilektron ɗinsa sakakku ne, suna yawo daga wannan gefe zuwa wancan, kamar kaji a tsakar gida in an kora su daga wannan lungu su taru a wancan. Wannan ne dalilin da foyil ke faɗowa: da ya taɓa bututun sai ya kwashi ilektron, ya zama mai ragi shi ma, bututun ya ture shi. Ya faɗa tebur ya sauke cajin, a sake jan sa.

Gwaje-gwaje biyu masu sauri suna nuna wannan. Kwantar da gwangwanin a kan tebur mai santsi ko daɓen tayil, ka kawo gogaggen bututu kusa da cikinsa ba tare da taɓawa ba, kana ja da baya a hankali. Zai biyo ka yana gangarawa. Yara na son tsere da shi, a bar su. Na biyu, huda gorar ruwa ta roba kusa da gindi da allura, ruwa ya riƙa zubowa siriri, ka kawo bututun kusa da inda ruwan ya fito. Zai karkato. Sai dai ka yi wannan a ƙarshen zama, domin da ɗigo ɗaya ya taɓa bututun aikinsa ya tsaya sai ya bushe.

In kana son abin da ya fi salatif daɗewa, goga tsinken shan lemo ka ɗora tsakiyarsa a kan murfin gora mai ɗan tudu, yadda zai iya juyawa. Wani gogaggen tsinken zai kore shi ya yi ta zagaye, yatsanka kuwa zai jawo shi. Wani likita na Ingila, William Gilbert, ya bayyana na'ura mai kama da wannan a 1600, tasa da allurar ƙarfe.

Haɗa kwalbar gano caji

Wannan ita ce na'urar da littafin fiziks ke zanawa da ganyen zinare. Ba ka buƙatar zinare.

Fere wayar ka samu jan ƙarfe tsirara mai tsawon santimita 20. Huda tsakiyar murfin kwalbar da ƙusa mai zafi. In murfin na ƙarfe ne, faɗaɗa hujin ka zura guntun bututun biro, waya ta bi ta cikinsa, don kada ta taɓa murfin ko kaɗan. Zura wayar yadda rabinta ke cikin kwalba, ka lanƙwasa ƙarshen ciki ya zama ƙugiya, ƙarshen waje kuma ka naɗe shi ya zama zobe, ko ka dunƙula foyil a kansa ya yi ƙwallo mai santsi. Kada ka bar tsini a waje, caji na zurarewa ta tsini. Ɗiga narkakken kyandir a bakin hujin ya riƙe wayar.

Yanko ganye biyu na foyil, faɗin santimita 1, tsawon santimita 4. Shafe su da bayan farce su miƙe, ka huda kowanne kusa da baki, huji mai ɗan faɗi yadda zai yi lilo ba tare da ya cije ba, ka rataya su a ƙugiyar suna fuskantar juna. Mafi yawan kwalaben da suka ƙi aiki, ko dai ganyen ya yi nauyi, ko hujin ya matse, ko kwalbar na da laima a ciki. Shanya ta a rana da baki a buɗe kafin ka rufe. Ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, in ka jefa ɗaya a ciki yana taimakawa.

Fara gwaji. Kawo gogaggen bututu kusa da zoben, kada ka taɓa. Ganyen za su buɗe. Janye shi, su rufe. Babu cajin da ya shiga. Bututun ne ya kora ilektron na wayar zuwa ƙasa, ganye biyu suka zama masu ragi suka ture juna, da ya tafi kuma kowa ya koma wurinsa. Yanzu shafa bututun a jikin zoben, kana juya shi don wurare da yawa su taɓa, ka janye. Ganyen za su zauna a buɗe, domin wannan karon caji ya shiga. Taɓa zoben da yatsa, su rufe nan take: cajin ya bi jikinka zuwa ƙasa.

Da wannan za ka rarrabe abin da ke ba caji hanya da abin da ke tare shi. Caja kwalbar, ka taɓa zoben da mabuɗi: rufewa nan take. Sake cajawa, ka taɓa da biro na roba: ba abin da zai faru. Gwada busasshen kara, ɗanyen ganye, busasshen zare, sannan zaren da ka jiƙa. Itace yakan ba mutane mamaki, domin ganyen na rufewa a hankali, alamar cewa itace ba cikakken mai tarewa ba ne a nan. Kunna ashana ka riƙe ta kusa da zoben ba tare da taɓawa ba, za ka ga ganyen sun rufe, saboda harshen wuta na cika iskar da ke kewaye da ƙwayoyi masu caji.

Mataki na gaba shi ne wanda ke rikita ɗalibai a takarda, alhali a aikace bai kai minti ɗaya ba. Bi shi a jere, jerin ne sirrin. Kawo bututun kusa da zoben ka tsaya, ganye sun buɗe. Bututun na nan, ka taɓa zoben da yatsan ɗaya hannun, ganye sun rufe. Ɗauke yatsan tukuna. Sannan ka janye bututun. Ganyen za su sake buɗewa su zauna haka, alhali bututun bai taɓa komai ba. Abin da ya faru shi ne, ilektron da bututun ke kora sun samu hanya ta yatsanka sun fice, ka ɗauke yatsa ka rufe musu hanyar dawowa, kwalbar ta rage da gibi, wato cajin ƙari. Don ka tabbatar, sake kawo bututun a hankali daga nesa: maimakon ganyen su ƙara buɗewa, za su fara rufewa. Sa ɗalibi ya juya jerin, ya janye bututu kafin yatsa, ya ga ba a samu komai ba, sannan ya yi bayanin dalili.

Tartsatsi daga faranti

Manna kofin roba a tsakiyar farantin aluminiyam da salatif ya zama mariƙi. Goga farin kumfan da fata ko ulu na kusan minti ɗaya, ka ajiye a tebur. Kama kofin kaɗai, ka ɗora farantin a kan kumfan. Taɓa gefen farantin da yatsa, za ka ji ɗan tsat. Ɗauke yatsa, ka ɗaga farantin ta kofin, ka kusantar da gaɓar yatsanka ga gefensa: tsat, karo na biyu. Mayar da farantin kan kumfan ka maimaita, ba sai ka sake gogawa ba, zai yi ta yi sau da yawa, musamman a busasshiyar rana. Dabarar ɗazu ce ta kwalba, an faɗaɗa ta. Kumfan bai rasa cajinsa ba domin ba shi ke bayarwa ba, kora kawai yake yi. Kuzarin tartsatsin kuwa daga hannunka yake fitowa, lokacin da kake raba farantin da kumfan da ke jan sa. Alessandro Volta na Italiya ne ya inganta wannan na'ura ya yaɗa ta a 1775.

Yi shi da dare a kashe fitila. In kana da testa ta masu gyaran wuta, mai ɗan ƙwan nan a ciki, ɗora yatsa a kanta kamar yadda aka saba ka taɓa farantin da bakinta, za ka ga ta yi ƙyal. Busasshiyar iska na buƙatar wajen bolt 3,000 kafin tartsatsi ya tsallake milimita ɗaya, don haka tartsatsin milimita 2 ko 3 na nufin dubban bolt. Bai cutar da kai ba ne saboda cajin ɗan mitsitsi ne kuma ya ƙare cikin ƙiftawar ido. Wutar soket ta bolt 230 ba haka take ba, ita ba ta yankewa, kuma tana kisa. A gaya wa yara wannan ƙarara: babu ɗaya daga cikin kayan nan da za a kai kusa da soket, ko janareta, ko wayar wuta. Kada a yi gwajin tartsatsi kusa da tukunyar gas, fetur ko kananzir, kada a yi shi a jikin waya ko kwamfuta, kuma mai na'urar bugun zuciya a jiki ya tsaya a kallo. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kunna tururin fetur, shi ya sa ake sauke jarka ƙasa kafin a zuba mata mai, ba a barin ta a cikin but ko bayan a-kori-kura.

Auna ƙarfin da lissafi

A 1785 Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan soja a Faransa, ya rataya ɗan sanda a jikin siririyar waya, ya auna yadda turin ƙwallaye biyu masu caji ke murɗa wayar. Ya gano cewa ƙarfin na tafiya da yawan caji biyun in an ninka su, yana kuma raguwa da nisa ninki cikin ninki: in nisa ya ninka sau 2, ƙarfi ya koma kashi 1 cikin 4, in ya ninka sau 3, kashi 1 cikin 9. A rubuce, F = kq₁q₂/r², inda F shi ne ƙarfin, q₁ da q₂ caji biyun, r nisan da ke tsakaninsu, k kuma ya kai kusan 9 × 10⁹. Salatif ɗinka ta riga ta nuna maka alamar haka, don daga nesa da ƙyar take motsi, amma a santimita biyun ƙarshe sai ta zabura.

Da balan-balan biyu za ka iya ƙiyasta cajin da hannunka ya tara. Auna nauyin guda goma marasa iska a kan ƙaramin sikeli na dijital, ka raba da goma. Hura biyu daidai girma, kada su cika girma, ka ɗaure kowanne da zare, ka rataya su a ƙusa ɗaya a tsakiyar ɗaki nesa da bango, yadda daga ƙusa zuwa tsakiyar kowanne mita 1 ne. Goga kowanne ta ko'ina, ka sake su. Za su rabu su tsaya. Kada ka kai rula kusa, za ta ja su ta ɓata awon; ajiye rular a ƙasa ko a bayansu da ɗan nisa, ka ɗauki hoto da waya daga gaba, ka karanta tazarar a hoton.

A ce kowanne giram 2 ne, tazarar tsakiya zuwa tsakiya kuma santimita 30. Nauyin kowanne a ma'aunin ƙarfi na niyuton shi ne kilogiram 0.002 × 10 na jan ƙasa, wato 0.02. Kowanne ya kauce santimita 15 daga tsakiya a kan zaren mita 1, don haka turin kusan 0.02 × 0.15 ne, wato niyuton 0.003. In cajinsu daidai ne, q² = Fr²/k, wato 0.003 × 0.09 a raba da 9 × 10⁹, ya ba da 3 × 10⁻¹⁴. Tushensa, wato q, kusan 1.7 × 10⁻⁷ na kulom, ma'aunin caji. Ƙiyasi ne, domin dokar Coulomb ta fi dacewa da abubuwa ƙanana masu nisa da juna, balan-balan kuwa manya ne kuma cajin bai bazu daidai a jikinsu ba. Duk da haka girman lambar na kan hanya. Cajin ilektron ɗaya 1.6 × 10⁻¹⁹ ne na kulom, adadin da Robert Millikan ya fara aunawa da ɗigon mai daga 1909. Raba cajin balan-balan da na ilektron ɗaya, za ka ga ka kwashe ilektron wajen tiriliyan ɗaya zuwa kan kowane balan-balan. Ci gaba da ɗaukar hoto duk bayan minti biyu, ka ga yadda tazarar ke raguwa yayin da cajin ke zurarewa. In ka yi da sassafe ka kuma yi da azahar, ka kwatanta.

Ɗalibi mai kaifin kai zai kawo maganar batirin waya, kuma ya kamata a amsa masa da lamba. Batiri mai 4,000 mAh na iya tura kulom 14,400 ta cikin waya kafin ya mutu, fiye da cajin balan-balan ɗin nan sau biliyan 80. To me ya sa ba ya ɗaga ko ƙwayar takarda? Domin batirin, cike ko fanko, adadin ƙari da ragi na cikinsa daidai suke. Abin da ake tarawa in an sa shi a wuta kuzari ne a cikin sinadarai, kuma duk ilektron da ya fita ta wannan baki, wani na shigowa ta wancan. Balan-balan kuwa rarar caji gare shi, wadda babu kishiyarta a kusa, kuma rarar ce ke ja da turi. Sa ɗalibin ya cire abin caji, ya kusantar da wayar da ta cika ga zoben kwalbar da ba a caja ba, ba tare da ya goge ta a riga ba, ya duba ko ganyen za su motsa.